Sun Gyara Mini Ɗaki, Sun Jawo Mini Hasara

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, raina ya ɓaci har abinci ba ya shiga. Kada ka buga sunana, ko da yake duk mutumin Goronyo da ya karanta wannan zai gane ni.

Ni akawu ne a kantin sayen gyaɗa da auduga. Shekara uku ke nan na sa wa ɗakin mahaifiyata rufin kwano, don na gaji da ganin Inna tana jera ƙorai duk damina tana tarar yoyo. Wakilin wani kamfanin inshora a Sakkwato ya ce in ina biya duk shekara, gobara ko iska ta ɓata ɗakin, su za su gyara. Na yarda, ban taɓa fashi ba. Wana Atiku, manomin albasa, ya yi ta yi mini dariya wai na sayi laya wurin Nasara, shi ya sa na daina yi masa zancen takardar inshorar. Gayyar yaɓe da 'yan unguwa ke yi kafin ruwa ma na daina fita. Mi zai kai ni taka laka ina da takarda a akwati?

Farkon daminar bana, wata Talata da la'asar, hadari ya taso da iska irin wadda ban taɓa gani ba. Ta kwashe rufin ɗungurungum ta watsar a fadama, bangon gabas ya zube. Allah ya sa Inna tana gidan suna.

Washegari da sassafe na hau keke zuwa Wurno in aika wa kamfani wasiƙa, domin sharaɗinsu shi ne a sanar da su, kuma kada a taɓa komai sai mutuminsu ya gani. Ruwa ya cinye hanya, na kwana uku can. Da na dawo, Malam, sai na iske Atiku ya tara unguwa kaf. Sun kwashe ƙasar da ta zube, sun tada bango, sun ɗora jinka, an ma share tsakar gida. Kwanon kuwa kowa ya tsinci nasa, wani ya rufe akurkin kaji da shi. Mata har fura suka dama, ana ta yi mini barka.

Bayan kwana goma sha shida mai duba ɓarna ya iso. Ya zagaya ɗakin sau ɗaya, ya ce shi bai ga ɓarna ba, ɗaki ya gani a tsaye, kuma mun saɓa sharaɗi. Ko ruwa bai sha ba ya koma motarsa.

Ran nan a ƙofar masallaci na gaya wa Atiku maganganun da ba zan rubuta ba. Na ce hassada ce, tun farko kwanon ya tsone masa ido. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mi kaka so mu yi? Mu bar Inna cikin ruwa muna jiran Bature?" Na ce za mu haɗu gaban alƙali. Da Inna ta ji, ta ɗaure kayanta ta tafi Rabah wurin ƙanwarmu Turai, ta ce ba ta kwana ɗakin da ya raba mata 'ya'ya. Ta haura tamanin, kuma an ce tun da ta je tari ya kwantar da ita. Na aika sau biyu, ba amsa.

Ni na yi ɗawainiya, ni na yi hasara, yanzu kuma ni ne mugu a gari. Wa zan kai ƙara, kamfanin ko Atiku?

Mai Baƙin Ciki, Goronyo

Ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ban ga laifinka don ka ji zafi ba. Ɗa na kirki ne yake gajiya da ganin uwarsa cikin yoyo. Mai duban nan ma bai kyauta ba, ya san ba a barin tsohuwa kwana goma sha shida a fili cikin damina.

Amma akwai abin da ka faɗa da bakinka ka wuce. Kai kaɗai ka san sharaɗin nan a duk unguwar, ka hau keke ba ka gaya wa kowa ba, don kada a sake yi maka dariya. Atiku ya yi abin da aka saba ne, kuma mutanen da ka daina fita gayyarsu ba su riƙe ka ba, suka bar gonakinsu lokacin shuka suka zo. Ba alƙalin da zai kama mutum don ya rufa wa uwarsa ɗaki.

Maganar kamfani ba ta mutu ba. Bi gida gida ka roƙo kwanon nan, kada ka miƙar da ko ɗaya, lanƙwasarsa ita ce shaidar ɓarnar iska. Ka sami takardar shaida daga dagaci da liman da kafintan da ya yi rufin, ka aika babban ofishinsu, ka bayyana cewa gyaran dole aka yi don tsohuwa. Ban yi maka alkawari ba, domin za su iya kama ka da rashin yi wa bangon yaɓe. In ka sake sa kwano, a ɗaure katakon da waya cikin bango, a duba ƙusoshi duk bazara, a yi yaɓe kafin ruwa. Inshora ba ta hana iska, kuma sharaɗinta a karanta wa mutanen gida.

Sai dai ka lura, babban mashaidinka Atiku ne, shi ya ga ɓarnar da idonsa. Ka je ka ba shi haƙuri a ƙofar masallacin da ka zage shi, gaban mutanen da suka ji. Daga nan ku hau hanyar Rabah tare, domin in ka je kai kaɗai ba za ta biyo ka ba. Kada ka ce sai ka ji daga kamfani. Amsarsu tana iya kai wata uku, kuma ni da kai ba wanda ya san ko Inna tana da wata uku na jira.

Allah ya ba ta lafiya, ya huci zuciyarka, ya mayar maka da alheri.