Ina dafa abincin jana'iza, ga hannuna ya fara mutuwa

Anti Raliya, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Na wuce shekara arba'in, ina zaune a Kafanchan da maigidana da yara huɗu. Shi manomin citta ne, amma tun shekarar da ciwo ya ruɓar da citta a gona bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Girkina ke riƙe gidan. Ni ke dafa abincin taro a cocinmu da ƙauyukan kusa, biki ko jana'iza, kuma jana'iza ta fi yawa. Kuɗin ba wani abu ba ne. Ladan gaske shi ne kular da nake dawowa da ita: jalof, soyayyen nama, ƙanzo, da lemon kwalba da ya rage. Shi muke ci har ya ƙare, sai kuma a sake yin rasuwa. Ubangiji ya gafarta mini, amma haka yake.

Mu biyu ne a aikin, ni da ƙawata Afiniki. Jikinmu ɗaya, in Zumuntar Mata ta fitar da anko turmi ɗaya ba ya isar ko wacce a cikinmu, har tagwaye ake ce mana. Watan jiya muna girki a Fadan Kaje ta ce kanta na sarawa, ta zauna a kan benci, sai bakinta ya karkace. Kafin a samo mota ta tafi. Anti, ni na dafa abincin jana'izarta. Sai da kafinta ya ƙara katako a akwatin. Samarin da suka ɗauke ta sau biyu suna saukewa kafin kabari, suna haki, kuma na ga ɗayansu ya juyo ya kalle ni. Wannan kallon ya hana ni sakewa har yau.

Dama nas ta faɗa mini ina da hawan jini, kuma na haura kilo ɗari. Sai na yi alkawari zan zubar da kilo talatin kafin Kirsimeti. Na sayi shayin rage ƙiba wurin wata mata a kasuwa. Kuɗin bai isa shayi da maganin hawan jini ba, sai na ajiye maganin, na ce ai in ƙiba ta tafi shi ma zai bi ta. Shayin na aiki kam, ina ta zagayawa, zanina har ya fara sakwarkwacewa. In ina gida ba na cin komai sai yamma.

Matsalar ita ce wurin taro. Kin san mu a nan, mai girki ba ta sauke tukunya ta ƙi ci a gaban mutane. Da na gwada, wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi me na zuba a abincin da ni kaina ba zan ci ba. Wayyo! In wannan suna ya bi ni, ba mai sake kirana, yarana kuma me za su ci? Haka na zauna na cinye faranti cike da maiƙo, na kora da lemo, ina murmushi.

Wani abu kuma, ban sani ba ko yana da amfani in faɗa. Asabar da ta wuce ludayi ya faɗi daga hannuna na dama, hannun ya zama kamar ba nawa ba. Na so in kira 'yata, harshena ya yi nauyi. Ba a jima ba ya sake ni. Jiya ma ya ƙara yi. Maigida ya ce tunanin Afiniki ne, zai kira fasto a yi addu'a. Ina tsoro, Anti.

Wane abinci mai araha ne zai ramar da ni da sauri? Kuma yaya zan ƙi ci ba a ce ni muguwa ba ce? Akwai wata jana'izar a wajen Zangon Kataf, an riga an kira ni. Ga lambata a ƙasa, kada ki wallafa ta.

Mai girkin makoki, Kafanchan.

'Yar'uwa, ina miki gaisuwar Afiniki, Allah ya ba ku haƙuri. Kin sa babbar magana a ƙarshen wasiƙa, ni da ita zan fara.

Hannun da ya mutu ya farfaɗo da harshen da ya yi nauyi, alamun shanyewar ɓarin jiki ne. Sau da yawa yana yin irin wannan sallamar kafin ya shigo gaba ɗaya, kuma ba ya jiran Kirsimeti. Ki je asibiti yau, ba kemis ba. Ki faɗa musu kin ajiye magani, ki tafi da ledar shayin su gani. A kira fasto, addu'a ba ta ɓaci, amma ya same ki a can. Jana'izar Zangon Kataf kuwa wata ta dafa.

Kin yi daidai da kika tsorata da nauyin, hanyar ce ba daidai ba. Shayin nan ruwan jikinki yake zubarwa, kitse na nan inda yake, ki watsar da shi. Kilo talatin a 'yan watanni kuwa sai mai jinya. Ki nemi rabin kilo a mako. Ko da shida ko takwas kawai kika sauke cikin wata shida, jininki da gwiwoyinki za su shaida. Kuma ko kin rame, likita ne kaɗai zai ce a rage magani.

Abincin da kike tambaya yana bayan ɗakinki. Rama, yakuwa, zogale, ganyen kabewa da gauta su cika rabin kwanon. Faten tsaki ko na acca mai ganye da yawa, wake, waken suya, ɗan busasshen kifi in ya samu. Tuwo ko gwaza kada ya wuce dunƙulen hannunki. Manja ki auna da cokali. Gishiri da sinadarin dunƙule ki rage sosai, daddawa da citta za su riƙe miki ɗanɗano. Lemon kwalba ki bar shi kwata-kwata. Ki ci da safe da rana, domin yinin yunwa shi ke sa ki afka wa kular abinci da yamma. In likita ya yarda, ki riƙa tafiya da ƙafa kullum, a hankali.

Tsohuwar nan ba zan ce ta yi daidai ba, amma al'adar tana da dalilinta, kuma mutuncinki shi ne jarinki. Ki ci a gabansu, cokali biyu daga kowace tukunya, kowa na gani. Abin da ake nema shaida ce, ba a ce sai kin cika ciki ba. Ki faɗa wa shugabar Zumunta gaskiyar ciwonki, matan da suka ga tafiyar Afiniki ba za su musa miki ba. Sannan ki roƙa a riƙa ba ki kasonki ɗanye, mudun shinkafa ko wake, ki dafa a gida yadda zai amfane ku.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya kafin ta iso hannuna. Da na karanta na kira lambar da kika bari, na sake kira, a kashe take. Na ɓoye lambarki kamar yadda kika so, amma ba zan yi shiru ba. Duk wanda ya gane wannan baiwar Allah a Kafanchan, kada ya tsaya surutu, ya je gidanta yanzu ya kai ta asibiti. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa ke ce da kanki kike karanta wannan.

Anti Raliya