Ragar Inna

Litinin, 8 ga Janairu

An fara bitar malamai a birnin Jeju, a nan tsibirinmu. Mako biyu za a yi ana koya mana yadda za mu shigar da teku cikin kowane darasi: lissafi, tarihi, har kiɗa. Mai koyarwar, Dakta Pyo, daga babban birni ta zo. Ta haska hoton mata masu nutso, masu riƙe numfashi su kwaso abincin teku a raga, a bango, ta ce, "Kun san waɗannan matan taska ne?" Muka gyaɗa kai. Rabin ajin 'ya'yan taskar ne.

Wata uku ke nan da aka fito da gawar Inna daga ruwa. Ban sake taka bakin teku ba. Na duba cikina, ba na jin komai.

Talata, 9 ga Janairu

An raba mu bibbiyu, ni da Malama Hyun ta kimiyya. Sharaɗi: ranar Juma'ar ƙarshe mu gabatar da darasi tare da "mutumin gari mai ilimin teku". Hyun ta ce, "Malam Bu, kai ai a gida kake da ita." Sai ta tuna, ta toshe baki. Na ce ba komai. Mutane sun fi ni jin zafin abin, har kunya nake ji.

Laraba, 10 ga Janairu

Wata leda kuma a ƙofar gida. Dodon-koɗin teku, an ɓare an wanke. Ba suna, amma na san abokan nutson Inna ne. Na jefa ta firiza a kan 'yan'uwanta. Ban ci ko ɗaya ba, ban yi godiya ba. Suna tare da ita a ruwa ranar. Shekararta saba'in da tara, suka bar ta ta shiga.

Juma'a, 12 ga Janairu

Mun tsara darasin. Hyun za ta yi huhu da riƙe numfashi, ni tarihi. Ta nemi misali, na ba ta Inna: har ranarta ta ƙarshe ragarta cike take dawowa, ta fi ta 'yan shekara hamsin. Hyun ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Lahadi, 14 ga Janairu

Dusar ƙanƙara. Shafi ɗaya na karanta sau huɗu.

Talata, 16 ga Janairu

Hyun ta ce ko in je in roƙi ɗaya daga cikin abokan nutson Inna, ko ta je ta ce ni na aiko ta. Na je da la'asar. Sun fito daga ruwa ke nan, suna jin ɗumin wuta a cikin katangar dutsen da suke sauya kaya.

Gwaggo Chun-ja, shugabarsu, ita ta fara hango ni.

"Ku ga wanda ya ɓata hanya! Ɗan Ok-rye, ashe ƙafafunka na aiki?"

Wata ta ce na rame. Gwaggo ta ce karatu ne, haka yake tsotse mutum.

Na faɗi abin da ya kawo ni, na karanta musu takardar kamar ɗan aji ɗaya. Da na zo kan ragar Inna sai dariya ta tashi, har ɗaya ta ƙware.

"Cike take, ba ka yi ƙarya ba," in ji Gwaggo. "Shekara shida mu ke cika ta."

Na san al'adar. Gwana takan zuba wa mai rauni wani abu a raga, a cikin ruwa, ba a magana. Sau nawa na koyar da ita, har a jarrabawa na sa ta. Ban dai taɓa sa Inna a layin masu rauni ba.

Na ce, ta sani?

"Ta sani mana. Ta fito tana zaginmu, wai ragwaye, tsohuwa ta fi mu."

Sai na ji bakina yana tambaya: me ya sa ba ku hana ta shiga ba?

Gwaggo ta gyara itace a wuta.

"Kai mai digiri, ka hana ta?"

Na taɓa ɓoye mata goran da take rataya raga a kan ruwa. Ta ari na maƙwabciya, ta yi mako ba ta dafa mini komai ba.

Da zan tafi na yi maganar ledojin. Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Da aka kawo ni garin nan amarya ban iya komai ba. Uwarka ta cika mini raga shekara uku, ba ta taɓa kallona ba. Kada ka yi mana godiya, ba a yi. Ka ci kawai."

Juma'a, 19 ga Janairu

Gwaggo ta zo da rigar zuwa biki. Ba ta bi tsarinmu ba ko layi ɗaya. Hyun ta fito da agogo, ta tambaye ta minti nawa take yi a ƙasa. Ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba, abin da take dubawa shi ne wa ke kusa da ita, kuma yaya ragarta take.

Dakta Pyo tana ta rubutu. Ta ce wannan a wane darasi za mu sa shi? Gwaggo ta ce ta sa a lissafi.

Na cire misalina. Ba wanda ya lura sai Hyun.

Asabar, 20 ga Janairu

Ƙofar firiza ta ƙi rufuwa, dole na fitar da leda ɗaya. Dalilin ke nan, ba wani ba. Na dafa yadda Inna ke yi, da tafarnuwa da jan yaji. Na cinye a tsaye.

Na wanke ledar, na shanya. Gobe zan mayar musu, tunda hanyar bakin teku ta fi kusa da shago.

Ba ta fi kusa ba.