Rumbun da Na Hana a Rushe

Daren Laraba, Kagoro

Tun shekarar da citta ta ruɓe a gona jikata Ladi ba ta zo gida ba, sai yau. Binciken gizo-gizo take yi a jami'a. Matan gida suka ji babbar baƙuwa na tafe, suka share duk wata yanar gizo-gizo tas. Ta duba ta ce, "Kaka, ba ku bar mini aiki ba. Gobe zan koma."

Sai ta leƙa tsohon rumbuna da na hana a rushe. Ta fito da yana a kai tana dariya: "Sai bayan Kirsimeti zan koma!"

Na gode wa Ubangiji. Da safe zan yanka mata zakara, in ɓoye tsintsiyoyin gidan nan.