Biskit Ɗin Uban Amarya Ba Ya Kwana

Zuwa ga Anti Maureen,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a unguwarmu. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, amma wannan magana ta tsaya mini a wuya, kuma wadda na saba kai wa kuka, ƙanwata Bernadette, ta koma ɓangaren dangin angon 'yata.

Ni direban bas ne, na yi ritaya. 'Yata ɗaya tilo, Corinne, za ta yi aure watan gobe. Mahaifiyarta ta rasu tun tana aji biyu a firamare, ni na raine ta, a lokacin ko ƙwai ban iya dafawa ba. Makarantarsu ce ta tura ni kicin, ranar da aka ce kowane yaro ya kawo abin da aka gasa a gida. Na ce 'yata ba za ta je hannu rabbana ba. Tun daga nan nake gasa biskit mai cakulan, kuma ba cika baki ba, yau duk unguwarmu ta Polish Hill babu mai kama ƙafata.

Bari in gaya miki yadda nake yi, don kada ki ɗauka irin na leda ne. Bota sai na narka ta har ta yi ja, ƙamshinta ya cika gida. Jan sukari ya fi fari yawa. Cakulan ba na sayen ƙananan ƙwayoyin nan na kanti, babban yanki nake saya in daddatsa da wuƙa, don kowane biskit ya sami manya da ƙanana. Kwaɓin sai ya huta a firij kwana biyu. In ya fito, gefensa ya yi ƙaras-ƙaras, tsakiya da laushi, ga ɗan gishiri a kai. Fadan cocinmu, wanda likita ya hana shi zaƙi, da idona na ga ya zura biyu a aljihu. Abokan aikina na dā har yanzu in sun bugo waya ba lafiyata suke fara tambaya ba.

Doka ɗaya gare ni: biskit ɗina ranar da aka gasa shi ake cinsa. Ba ya kwana, bai kuma taɓa shiga firiza ba.

To, kin san mu a Pittsburgh, biki ba ya cika sai da teburin biskit. Dangin ango su gasa nasu, na amarya su gasa nasu, baƙi su ci, su cika kwali su tafi da shi gida. Kin kuma san kowa yana satar kallon farantin da ya fara ƙarewa. Shekara da shekaru nake jiran wannan tebur. A bikin 'ya'yan mutane na kai nawa, yau ga na tawa ya zo.

Uwar angon, Misis Carbone ta unguwar Bloomfield, ita ta karɓi ragamar teburin. Ita da 'yan'uwanta mata tun bikin Ista suke gashi, sun cika firiza har na maƙwabta. Ta tara mu a gidanta, ta ba kowa aikinsa, ni ta ce in sayo kwalaye. Kwalaye, Anti! Na ce ai ina da nawa biskit ɗin. Ta yi murmushi ta ce, "Ayya baban Corinne, irin na 'yan makaranta? To babu laifi, yara za su so. A dai kawo zauren biki ranar Alhamis kamar na kowa." Na ce nawa ranar Asabar zai zo, da ɗuminsa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wato da fulawa a kwat za ka raka amarya coci?" Matan suka kwashe da dariya, na shanye kofina na fito.

Na riga na tsara komai. Corinne a gidana za ta kwana daren jajibirin bikin. In tashi da asuba, in yi ta gashi har hantsi, in yi wanka, in kai Corinne coci da ƙarfe ɗaya. Bernadette ta ce in ba ta kwaɓin ta gasa mini. Ita da ko burodi ta ɗumama sai ya ƙone! Da na ƙi, cewa ta yi, "Kai da murhun nan kamar tare aka haife ku. Sai ka ɗauke shi ku shiga coci tare."

Duk wannan bai dame ni ba kamar na Corinne. Ran Lahadi ta zo, ta hau kujerar kicin inda take zama tun tana ƙarama. Ina fito da faranti ina ba ta labarin tsarin nawa, sai na ji ta ce, "Baba, safiyar bikin nan fuskarka nake so in gani. Na gaji da kallon bayanka." Ta ɗauki biskit ɗaya ta tafi. Anti, maganar ta sosa mini rai. Bayan nan da ta gaji da shi, shi ya goya ta. Ni dai abin da na fahimta, tun ba ta shiga gidan Carbone ba ta fara jin kunyar abin da ubanta ya iya.

Yanzu ki gaya mini. In yi yadda na tsara, kowa ya yi ta kansa? Ko in zare hannuna gaba ɗaya, in kai musu kwalayensu, su ci biskit ɗinsu mai sanyin firiza?

Uban amarya, Polish Hill


Uban amarya,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko da dariya, na biyu da yunwa. Mutumin da ke narka bota har ta yi ja, ya jira kwaɓi kwana biyu, ba ya bukatar in gaya masa ya iya. Ka iya, kuma ka cancanci alfahari. Namiji ya tashi daga rashin iya dafa ƙwai ya kai ga fada na ɓoye biskit ɗinsa a aljihu, duk don 'yarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda kake da gaskiya: teburin nan na gida biyu ne. Ba a ba uban amarya sayen kwali a ce an sallame shi, kuma maganar 'yan makaranta ba ta dace ba. Na sha tsayawa a bakin irin wannan tebur. Biskit masu ado ana ɗaukar hotonsu, mai cakulan kuwa shi ake fara wawashewa, kuma ba yara kaɗai ba.

Inda Misis Carbone take da gaskiya: shirya tebur mai ɗaruruwan biskit aiki ne na yini guda, ba za ta bar gurbi tana jiran farantin da zai iso bayan baƙi ba. Alhamis ɗin da ta sa ba don ta ci maka fuska ba ne. Ita ma ta daɗe tana jiran wannan rana kamar kai, kuma ina jin ku biyu kun fi kama da juna fiye da yadda za ku so a faɗa.

A kan Corinne kuwa ka yi kuskuren fahimta. Yarinyar da ke jin kunyar biskit ɗin ubanta ba ta ɗaukar ɗaya ta tafi da shi. Ka tuna wace safiya take magana a kai. A safiyar aure uwa ce ke zama kusa da amarya, ta gyara mata mayafi, ta riƙe mata hannu. Corinne ba ta da uwa, kai take da shi. In kana kicin kana duba agogo, ita kaɗai za ta yi wannan safiya a ɗakinta. Abin da ta roƙe ka ke nan, kuma na tabbata ta daɗe tana juya maganar kafin ta iya furta ta.

Ga shawarata. Kada ka zare hannu, yin haka Corinne zai ƙona, ba Misis Carbone ba. Cikin makon nan ka gasa faranti guda, ka kai wa surukarka da ɗuminsa. Kada ka je da gardama, ka bar ta ta ci. Sannan ka roƙi alfarmar kawo naka ranar Juma'a da yamma, ka kuma nemi gurbi mai kyau. Da wuya ta hana ka da baki cike. Ranar Juma'a ka gasa, ka bari ya huce sosai, ka rufe a gwangwani da yankan burodi ɗaya a ciki, zai riƙe laushinsa har gobe. Na san dokarka, amma kai ka kafa ta, kana iya ɗaga ta na dare ɗaya. A zauren nan kai kaɗai za ka gane bambancin. Kwalayen ma ka saya, manya, don mutane za su so su ƙara.

Kafin duk wannan, ka buga wa Corinne waya yau, ka ce ka ji abin da ta ce.

Ina taya ku murna, Allah ya ba su zaman lafiya. Ranar Asabar kada ka kunna murhu. Ka sa kwat ɗinka da wuri, ka hau sama ka ƙwanƙwasa mata ƙofa, ka ja kujera ka zauna inda za ta gan ka.

Taka,
Anti Maureen