Inna Ta Kira Sunanka

Gwaram,
9 ga Maris, 1976.

Zuwa ga Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Fatakwal lafiya, Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Yara suna nan ƙalau, Zahara'u ta sauke Alƙur'ani. Takardarka ta iso, wadda ka ce ka bar Inna tana samun sauƙi. Sau uku na karanta ta, kowane karo raina sai ya ƙara ɓaci.

Ka tuna ranar da aka sallame ta daga Kano, bayan aikin da aka yi mata a ƙashin kwatangwalo. Likita ya ce tsohuwa irin Inna, makonnin farko su ne abin tsoro, domin jini yana iya daskarewa ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Ya ce in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta ɗauke, a kawo ta nan take. Da hannuna na rubuta wannan, na liƙa a ƙofar ɗakinta, sannan na tafi Birnin Kudu duba jarrabawar ɗalibaina. Kwana biyu kacal na bar maka ita.

Tani, mai taya ni jinyar Inna, ta ce ka zauna a bakin ƙofa ka gaishe ta, ba ta amsa ba, fuskarta na kallon bango. Da Tani ta nuna damuwa, sai ka yi dariya, ka ce ai kunyar ɗan fari ce, tun kana yaro haka take yi maka. Yaya, kai da kake lura da injinan mai, ka kasa matsawa taku uku ka dubi fuskar mahaifiyarka? Ba kunya ba ce. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye, tana jinka, harshe ya ƙi. Da na dawo, furar da ka kawo mata tana nan a ƙwarya, ta yi tsami.

Mun kai ta asibitin Birnin Kudu. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma sun ce an makara, kuma abin yana iya maimaituwa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara hamsin da biyu Inna ba ta taɓa furta sunanka ba, sai dai ta ce wancan. Yau duk kalmomin duniya sun gudu daga bakinta, saura ɗaya. In tana son ruwa, Haladu. In an juya ta, Haladu. Ni da nake wanke ta ma, Haladu nake. Kada ka aiko da magani ko uzuri. Ka nemi izini wurin aiki ka hau mota.

Bappa Hambali da Tani suna gaishe ka. Ka gaida Murja da Sabo. A wannan karon, in ka zo, ka shiga har cikin ɗaki ka amsa.

Ƙanwarka,
Hadijatu.