Zare a Wuyan Hannu

Litinin, 2 Satumba 1991
An yi wa yaro ɗaya allurar kinin sau biyu a ɗakin yara. Ya yi ta amai, amma ya tashi, alhamdu lillahi. Wata mata ce daga Tajaye ta kawo ɗanta da zazzaɓi. Na tambayi sunansa, ta sunkuyar da kai. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. Tsohuwar da ke gadon kusa ta ce, "Ado na, lokotoro," ashe jikanta take nufi. Lokotoro suke ce wa likita a nan. Na rubuta Ado a karne, wato katin asibitin ɗan matar Tajaye. Zalika, ma'aikaciyar jinyarmu, ta zo da allura ta kira Ado, tsohuwa ta miƙa jikanta da aka riga aka yi wa tasa.
Na kai rahoto ofishin lafiya na Tawa cewa Zalika ta yi sakaci. Ai allurar a hannunta take.

Alhamis, 5 Satumba
Na samo dabara. Duk yaron da aka kwantar, a ɗaura masa zare a wuyan hannu da guntun kwali mai lamba, lambar kuma a karnensa. Ba sai an matsa wa uwa ta keta kunyarta ba. Shekara tara ina likita, ban taɓa jin daɗin kaina kamar yau ba.

Talata, 17 Satumba
Ko kuskure ɗaya babu. Matan sun ɗauka laya ce, wata har ta ƙi a kwance wa 'yarta ranar sallama. Majo, babban ma'aikacin jinya na Badaguishiri, ya aiko a koya masa.

Talata, 1 Oktoba
Takarda ta iso, za a dakatar da Zalika. Shekararta goma sha shida a nan. Ita ke yanka kwalin kowace safiya.

Laraba, 9 Oktoba
Masu duba asibitoci sun zo daga Yamai. Sun leƙa tukunyar dafa allurai, sun juya hannun kowane yaro. Babbansu ya ce zai kai maganar zaren gaba da sunana. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.
Da suka fita, Zalika ta ce, "Lokotoro, Allah shi ƙara girma. Ni dai abin da ag ga takarda na bi."

Alhamis, 10 Oktoba
Na tare su kafin su shiga mota, na nuna musu karnen nan na 2 ga Satumba. Babban ya tambaya rubutun wane ne. Na faɗa masa nawa ne.
Ban san ko sunana zai kai Yamai ba yanzu, ko ta wace fuska zai kai. Zalika za ta ci gaba da aiki. Na karɓi almakashin, yau ni na yanka kwalin. Bai yi kyau kamar nata ba.