Fuskar da Na Dangwala wa Hannu

Guangzhou,
14 ga Maris.

Zuwa ga uwargidana Rahila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi.

Jiya aka cire mini ɗinkin da ke goshina. Muƙamuƙina ya karye wuri biyu, shi ya sa ba na kiranki. Na ɓoye miki ne, ki yafe mini.

Ga yadda abin ya faru. Siton da muke tara kaya a unguwar Huangpu ba ya buɗuwa da makulli, na'ura ce ke duba fuskar mutum. Mu bakwai muke haɗa kwantena ɗaya, kuma a al'adarmu mutum ɗaya ke ba na'urar fuskarsa a madadin kowa. Ni aka zaɓa. Kamfanin da ke da siton ya miƙo takarda da rubutun Sin, na dangwala hannu da jar tawada ban nemi a karanta mini ba, ni da na yi shekara goma ina gyara rubutun wasu a gidan jarida.

Ranar 14 ga Fabrairu da hantsi na tsaya a ƙofa, sai na'urar ta nuna cewa ni ne wani baƙar fata da ya saci katan-katan a watan jiya. Masu gadi huɗu suka fito da sandunan ƙarfe. Na farko ya same ni a kunne. Da na faɗi suka tattake mini hannu, ɗaya ya riƙa buga fuskata a kan siminti har haƙora uku suka zube. Souleymane, abokin kasuwancina ɗan Damagaram, shi ya kwanta a kaina, ya samu karaya a haƙarƙari.

Lauyar da muka ɗauka ta karanta mini takardar da na dangwala wa hannu. Ashe na amince cewa ba zan kai ƙara ba idan na'urar ta yi kuskure, diyya kuma ba za ta wuce kuɗin hayar wata ɗaya ba. Ta ce alƙali na iya watsi da wannan sharaɗi, amma sai ya ga hoton dukan da kyamarar ƙofa ta ɗauka. Ba ni da wata shaidar da za ta tsaya.

Rahila, ina jin tsoro, kuma ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Kamfanin yana goge hotunan ƙofa bayan kwana talatin. Yau kwana ashirin da takwas. Lauya ta nemi kotu ta hana su gogewa, kotu ta ba da umarni, amma har yanzu ba a tabbatar mana cewa umarnin ya isa gare su ba.

Ki gaida Inna da yara. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Alhasan.